Rinar da ke ƙarƙashin rufinmu: tambayoyi da amsoshi kan Belonogaster juncea

Kusan kowa ya san doguwar rinar nan mai siririn ƙugu, wadda ke rataya gidanta a ƙarƙashin kwano, a jikin azarar zaure, ko a bayan ganye. Masana ƙwari sun daɗe suna nazarin ɗaya daga cikin nau'o'inta, wadda suke kira Belonogaster juncea. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta, musamman kan sunanta, wuraren da take zaune, da kuma dalilin da ya sa kamanninta ke sauyawa daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Wace rina ake nufi takamaimai?

Rina ce mai tsawon da ya kai santimita 2 ko ya ɗan zarce, jikinta siriri, ƙafafunta dogaye, in tana tashi sai ka ga ta sako su ƙasa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙugunta: gaɓar farko ta cikinta ta miƙe ta zama dogon sili, sannan sauran cikin ya kumbura a ƙarshe. Launinta daga baƙi-baƙi ne zuwa ja mai duhu, fukafukanta da ɗan hayaƙi-hayaƙi, wasu kuma suna da ɗigon rawaya a gefen ciki. Tana zama cikin jama'a, mata da dama a gida ɗaya, kuma gidan a buɗe yake, ba shi da murfi, yana rataye da sili guda.

Sai dai a kula. Wannan siffa ta zuri'ar Belonogaster ce gaba ɗaya, kuma zuri'ar tana da nau'o'i sama da 70. Ba duk doguwar rinar da ka gani a soro ba ce juncea. Akwai Belonogaster grisea, alal misali, wadda ita ma ta bazu sosai a Afirka, kuma daga nesa ba mai rantsuwa a kan wacce ce wacce.

Ita ce zanzaro?

A'a. Zanzaro maginin laka ne, kuma shi kaɗai yake rayuwarsa. Macen takan ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa ta gina ɗan ɗaki a bango ko a bayan kabad, ta cusa gizo-gizo ko tsutsar da ta sumar da harbi, ta saka ƙwai, ta toshe, ta yi gaba. Ba ta ganin 'ya'yanta. Rina kuwa da ɓawon itace da zaren tsirrai take gini, ta tauna su da yawu har su zama takarda, kuma tana ciyar da 'ya'yanta kullum har su girma.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne akwai maginan laka na zuri'ar Delta masu siririn ƙugu da launin da ya yi kusa da na Belonogaster ƙwarai. Hanya mafi sauƙi ita ce duba gidan. In laka ce, ba rinarmu ba ce.

Wa ya raɗa mata wannan suna, kuma yaushe?

Johan Christian Fabricius ne, ɗan ƙasar Denmak, ɗalibin Linnaeus wanda ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu. A 1781 ya bayyana ta, ya sa mata suna Vespa juncea. A wancan zamani kusan duk rinar da aka kawo Turai a cikin Vespa ake jefa ta. Fabricius bai gan ta tana tashi ba, bai ga gidanta a rataye ba. Busasshiyar gawa ce a soke da allura cikin akwati, irin waɗanda matafiya da 'yan kasuwar jiragen ruwa ke kwasowa daga gaɓar Afirka.

Bayan shekara saba'in da wani abu, a 1854, Henri de Saussure na birnin Janeba ya ga cewa waɗannan masu dogon ƙugu sun cancanci zuri'arsu ta kansu, sai ya kafa Belonogaster. Shi ya sa a rubutun masana za ka ga sunan Fabricius da shekarar 1781 a cikin baka-biyu bayan sunan rinar. Bakan alama ce ta cewa an ɗauke nau'in daga zuri'ar da aka fara sa shi an mai da shi wata.

Wanda zai bincika tsofaffin takardu zai tarar da "Belonogaster junceus" da "griseus". Juncea da grisea ɗin ne dai. An gyara ƙarshen kalmar ne daga baya don ta dace da ƙa'idar nahawun sunayen kimiyya.

Ina matsayinta a cikin dangin ƙwari?

Tana cikin babban rukunin Hymenoptera tare da ƙudan zuma da tururuwa. A cikinsa danginta shi ne Vespidae, waɗanda ake gane su da abu biyu: suna naɗe fukafukansu a tsawo in sun sauka, kuma idonsu yana da ɗan yanka ta ciki. A cikin Vespidae tana reshen Polistinae, masu ginin takarda, sannan a ƙabilar Ropalidiini tare da Ropalidia, Polybioides da Parapolybia.

A Afirka kudu da Sahara, rina masu zaman jama'a 'yan asali zuri'a huɗu ne: Polistes, Ropalidia, Polybioides da Belonogaster. Ropalidia ƙanana ne gajeru. Polistes ba su da dogon sili a ƙugu. Polybioides 'yan kurmi ne, su ne ke tashi da taro su kafa gida mai rufi. Manyan rinonin Turai da Asiya na zuri'ar Vespa ba su mamaye yankinmu ba, in ka cire Vespa orientalis da ta taɓo arewa maso gabashin nahiyar. Wadda ake kira Vespula germanica kuwa baƙuwa ce da ta sauka birnin Kef na Afirka ta Kudu cikin shekarun 1970. Na kawo wannan ne saboda hotunan da ke cika intanet in an nemi rina yawanci na waɗannan baƙin ne, masu ratsin baƙi da rawaya, har yaro ya ɗauka tasa ta gida ba ta cika rina ba.

A ina ake samunta?

Tana daga cikin waɗanda suka fi kowa bazuwa a zuri'arta. Ana samunta daga Afirka ta Yamma, ta bi ta tsakiya, ta gangara gabas har Afirka ta Kudu. Ta kuma ƙetare Bahar Maliya zuwa yankin Larabawa, an kuma rubuta ta a Indiya. Yawancin 'yan'uwanta ba su fita Afirka ba. Tsibirin Madagaska ma yana da nasa nau'o'in Belonogaster masu yawa da ba a samunsu ko'ina sai can, waɗanda Hensen da Blommers suka yi wa bita a 1991.

Buƙatunta ba su da yawa: inuwar da ruwan sama ba ya dukan gida, ruwan sha, zaren tsirrai na gini, da tsutsotsin da za ta ciyar da 'ya'ya. Ginin ɗan Adam ya ba ta na farko a saukake, shi ya sa take bin mu. Ƙarƙashin gada, rufin makaranta, bakin taga, rumbun da ba a cika buɗewa ba, duk nata ne. A daji kuwa tana maƙalewa a ƙarƙashin dutse ko bayan faffaɗan ganye, kuma duk wanda ya taɓa zura hannu cikin kaba ba tare da ya leƙa ba ya san inda karin maganar nan ta "akwai rina a kaba" ta samo tushe.

Akwai abin da ya kamata mai duba taswira ya riƙe. Ɗigon da ke kan taswirar bazuwar ƙwaro ba ya nuna inda ƙwaron yake kaɗai, yana nuna inda mai kamawa ya taka. Kwango ta cika da ɗigo saboda tawagar Lang da Chapin ta gidan ajiyar halittu na Niyok ta shafe 1909 zuwa 1915 tana tarawa a can, kuma Joseph Bequaert ya yi nazarin rinonin da suka kwaso ya wallafa a 1918. Afirka ta Kudu ta cika saboda tana da tsofaffin gidajen ajiya da masu aiki a cikinsu. In ka ga fili fayau a kan Katsina ko Damagaram, kada ka yanke cewa rinar ce babu. Sau da yawa mai akwati da allura ne bai je ba.

Yaya rinar Afirka ta kai ƙasar Larabawa?

Wannan ba abin mamaki ba ne ga masu nazarin bazuwar halittu. Kudu maso yammacin yankin Larabawa, wato tsaunukan Asir da ƙasar Yaman, tsirrai da ƙwarinsa sun fi kama da na Habasha da Somaliya fiye da na Sham ko Iraƙi, har masana da yawa suna lissafa shi cikin yankin halittun Afirka. Mashigin Babul Mandab da ya raba Yaman da Afirka faɗinsa bai wuce kilomita 30 ba sosai. Ga ƙwaro mai fukafuki, wanda mace guda da ta riga ta haɗu da namiji za ta iya kafa sabon gida ita kaɗai, wannan ba katanga ba ce.

Na ga baƙa, na ga ja, na ga mai ɗigon rawaya. Duk nau'i ɗaya ne?

Zai iya zama ɗaya, zai iya zama uku. Launi shi ne shaidar da ta fi kowace rauni a shari'ar rina, kuma shi ne ya fi ɓatar da masanan farko.

A ƙarni na 19 da farkon na 20, in aka kawo wa masani rina daga wani sabon wuri ya ga ta fi ta akwatinsa ja, ko ɗigonta ya fi girma, sai ya raɗa mata sabon suna. Sunaye suka yi ta taruwa. Robert du Buysson ya yi ƙoƙarin tsefe zuri'ar a 1909. Bequaert ya zo yana jan kunne cewa a bar dogaro da launi a dubi ƙirar jiki. Babban aikin da ake komawa gare shi har yau shi ne na O. W. Richards, Baturen Ingila, wanda ya fito a 1982 yana da shekara tamanin a duniya, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ya bi akwatunan gidajen ajiya ya jera ɗaruruwan gawarwaki gefe da gefe, kuma irin wannan jerawa ce ke nuna cewa abin da aka ɗauka nau'i biyu ne sau da yawa bakin zare ɗaya ne da ƙarshensa, da dukkan launukan tsakiya a jere.

Ka ɗauki akuya. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, da doguwar farar akuyar Sahel, da gajeriyar nan ta kurmi, ba mai kiwon da zai ce dabbobi uku ne daban. In da fata kawai aka aika wa wanda bai taɓa ganin akuya ba, da ya ba su suna uku.

Dalilan sauyin launi a rina suna da yawa. Akwai gado. Akwai yanayi, domin a ƙwari da dama na wuraren laima da sanyi sukan fi duhu, na busassun wurare su fi haske. Akwai kuma wani abu mai ban sha'awa: ƙwari masu harbi da ke zaune a yanki ɗaya sukan koma kama da juna, ko da ba dangi ba ne na kusa, saboda tsuntsun da ya sha harbin ɗaya zai guji duk mai irin rigarta. Sakamakon haka shi ne nau'i biyu daban a gari ɗaya su yi kama, nau'i ɗaya kuma a ƙasashe biyu ya bambanta. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum yanke hukunci da ido.

Har kwalbar da ake kashe ƙwaron a ciki tana da nata laifin. Masu tarawa na da suna amfani da gubar sayanayid, kuma in rina ta daɗe a cikinta rawayan jikinta yakan rikiɗe ya koma ja. Gawar da ta shekara ɗari a akwati kuma takan koɗe.

Girma ma haka. Tsutsar da ta ƙoshi takan fito babba, wadda aka haifa lokacin da abinci ya yi wuya ta fito ƙarama, alhali uwarsu ɗaya.

To mene ne "juncea juncea" da "juncea colonialis" da nake gani?

Rassa biyu ne na nau'in. Kalma ta uku a suna tana nufin jama'ar wani yanki da ta ɗan bambanta da sauran amma ba ta kai a ware ta ba. Franz Friedrich Kohl na Biyana ne ya fito da sunan colonialis a 1894, daga baya aka mai da shi reshe a ƙarƙashin juncea. Wadda aka yi wa dogon nazari a Kamaru ita ce Belonogaster juncea juncea, wadda masu bincike a Afirka ta Kudu ke ambata kuwa colonialis ce.

A ganina bai kamata a ɗauki wannan rabo da tsarki ba. Tun 1953 Wilson da Brown suka soki yadda ake yanka rassa, suna cewa siffofi ba sa sauyawa tare a kan iyaka guda: launi ya sauya a nan, girma ya sauya a can, sai mai rabo ya zaɓi wanda ya ga dama ya ja layi. Masana rina da yawa a yau sun fi son ɗayan biyu, ko dai a tabbatar nau'i ne mai zaman kansa a ba shi cikakken suna, ko a bar shi a matsayin bambancin launi kawai. Gwajin ƙwayoyin gado, wanda tun 2003 ake yi da wani guntun DNA mai haruffa kusan 650, ya ƙara wa wannan muhawara makami, amma shi ma sai an kamo rinar daga wurare da yawa kafin ya yi magana mai ma'ana.

In ba launi ba, me masana ke dubawa?

Abubuwan da sai da madubin ƙara girma: tsawon silin ƙugu in an gwada shi da kaurinsa, siffar farantin da ke saman baki, tazarar da ke tsakanin ido da muƙamuƙi, yanayin ƙananan ramuka da gashin da ke kan ƙirji, da kuma gaɓoɓin ƙarshe na ƙahon namiji. Namiji ya fi saurin tona asirin nau'i, shi ya sa akwatin da babu namiji a ciki yakan bar masani cikin shakka.

Akwai alama guda da ke raba Belonogaster da yawancin dangi. A mafi yawan rina ƙahon mace gaɓa 12 ne, na namiji 13. A Belonogaster mace 11 gare ta, namiji 12.

Yaya zan bambanta namiji da mace?

Bakin ƙahon namiji a lanƙwashe yake, fuskarsa kuma takan fi haske. Gaɓoɓin cikinsa da ake gani bakwai ne, na mace shida. Ba ya harbi, domin ƙarin rina asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗe, namiji kuwa ba shi da shi. Kuma ba shi da uba: ƙwan da maniyyi ya shiga shi ke zama mace, wanda bai shiga ba ya zama namiji. Haka abin yake a zuma da tururuwa.

Tana da sarauniya irin ta ƙudan zuma?

Tana da shugaba, amma ba irin ta zuma ba. Sarauniyar zuma tun tana tsutsa ake ware ta da abinci na musamman, ta fito da jiki daban. A gidan wannan rina kuwa in ka dubi matan ba za ka nuna shugabar da siffa ba. Matsayi ne da ake ƙwata da cizo da danniya, kuma ana iya rasa shi.

Abin da aka sani dalla-dalla ya fito ne daga Yawunde, inda Maurice Tindo da Alain Dejean da abokan aikinsu suka yi shekaru, daga shekarun 1990, suna sa wa rinoni ɗigon fenti suna bin kowace ɗaya a gidajen da ke rataye jikin gine-gine. Sun ga cewa mace guda kan fara gida, wasu su zo su haɗu da ita, kuma gidan da mata da yawa suka kafa ya fi na mace guda kai labari. Ta sama ita ke zaune a gida tana saka yawancin ƙwai, na ƙasa su ke fita farauta da ɗebo ruwa da kayan gini. In ta saman ta mutu ko ta ɓace, wata ta haye, gidan ya ci gaba, har a yi shugabanni da dama bi da bi a gida ɗaya. Kafin su, Leo Pardi, Ba'italiyen da ya fara gano irin wannan jerin fifiko a rinar Polistes cikin shekarun 1940, ya yi nazarin Belonogaster grisea a Somaliya tare da Marino Piccioli.

Yawan jama'ar gida gommai ne, ba dubbai irin na amya ba. A Yawunde mai laima ana kafa sabon gida kowane lokaci na shekara. Inda ake dogon rani ko sanyi mai tsanani lissafin yakan sauya. A Afirka ta Kudu Malcolm Keeping ya bi Belonogaster petiolata, wadda matanta ke taruwa a kogo su jira sanyi ya wuce. A ƙasarmu ma kowa ya lura gidajen rina sun fi cika da damina zuwa kaka, lokacin da tsutsa ta wadata, da rani kuwa a bakin randa da famfo da fadama aka fi ganinsu.

Me ya sa gidanta yake zama a yage, da huji a bayan ɗakunan?

Aikinta ne, ba lalacewa ba ce. Tsutsar rina ba ta kashi duk tsawon girmanta, sai ta gama ci ta saƙa wa kanta farin murfi, sannan ta fitar da abin da ya taru gaba ɗaya. A Polistes dattin yakan zauna a gindin ɗakin. A ƙabilar Ropalidiini manya ne ke huda ɗakin ta baya su zaro shi su yar. Ban da haka, Belonogaster takan ɓare tsofaffin ɗakuna ta sake tauna takardar ta yi sabon gini a gaba, sai ka ga sashen da ke kusa da sili ya zama kwarangwal, sabon sashe yana ta tsawo.

Me take ci? Tana da wani amfani?

Manya ruwa-ruwa suke sha: zaƙin fure, ruwan 'ya'yan itace da suka fashe. Nama na 'ya'ya ne. Mai farauta takan kama tsutsar malam-buɗe-littafi a kan ganye, ta tattauna ta ta dunƙule, ta kawo gida a rarraba. In ta ba tsutsarta abinci, tsutsar takan fitar da ɗigon yawu mai zaƙi da gina jiki, babbar ta lashe. Emile Roubaud, Bafaranshen da ya zo Afirka aikin ciwon barci, a gidajen Belonogaster ya lura da wannan musaya, ya rubuta a 1916 cewa tana iya zama tushen zaman jama'ar rina. Bayan shekara biyu William Morton Wheeler na Amurka ya faɗaɗa batun zuwa tururuwa da sauransu. Wato wani babban babi na ilimin ƙwari daga rinar da muke kakkaɓewa da tsintsiya ya faro.

Amfaninta ga manomi a fili yake, tunda abin da take kwasa shi ne abin da ke cin ganyen wake, masara, kuɓewa da auduga. Tsutsar nan mai cinye masara da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a farkon 2016, an gwada wata rinar takarda ta zuri'ar Polistes a kanta a Burazil, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ta rage ɓarnar. Ba juncea aka gwada ba, amma sana'arsu ɗaya. Gidan rinar da ke bukkar gona, nesa da hanyar yara, ni dai ban ga dalilin ƙona shi ba.

Har tsuntsaye sun san darajarta. A Gana, Beier da Tungbani sun nuna a 2006 cewa ɗan ƙaramin tsuntsun nan shuɗi mai jan kunci, in ya yi sheƙa kusa da gidan rinar Ropalidia cincta, damar 'ya'yansa ta tashi lafiya takan kusan ninkawa.

Su wa ke cin ta?

Babban maƙiyinta tururuwa ce da danginta, musamman kwarkwasa, wadda in ta hau gida sai dai manya su tashi su bar ƙwai da tsutsa. Wannan ne dalilin rataya gida da sili ɗaya siriri: ƙofa guda ta fi sauƙin tsaro. A ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta cikin mace akwai wani ƙullutu mai fitar da maiƙo, wanda ake kira da sunan van der Vecht, masanin Holan da ya bayyana shi. Takan goga shi a jikin silin, ƙananan tururuwa su zo su juya. Keeping ya tabbatar da haka a Belonogaster petiolata. Akwai kuma ƙudajen zuri'ar Anacamptomyia da tsutsarsu ke cin tsutsar rina daga ciki.

In ta harbe ni fa?

Harbin yana da zafi, wurin ya kumbura ya yi ja, yawanci ya sauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ta barin ƙari a jiki yadda zuma ke yi, don haka ba abin cirewa, kuma tana iya maimaitawa. A matsa daga wurin, a wanke da sabulu, a ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. Farasitamol yana rage zafi, maganin ƙaiƙayi na kemis yana rage kumburi. In a yatsa ne a cire zobe tun kafin ya kumbura.

Abin da ba a wasa da shi: numfashi ya yi wuya, leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, jiri, ko ƙuraje su feso a duk jiki cikin mintuna. Wannan asibiti ne nan take, allurar adiranalin ake buƙata, ba jiƙo ba. Haka in harbin a cikin baki ne, ko ƙaramin yaro ya sha harbi da yawa.

Yaya zan raba ta da ɗakina?

Tun gidan yana ɗaki uku ko huɗu ya fi sauƙi, a kakkaɓe shi da doguwar sanda a goge gurbin silin, domin sukan dawo wurin. In ya girma a bari sai dare ko sanyin asuba lokacin da suka lafa, a rufe jiki da fuska, a fitar da yara, a yi amfani da feshin ƙwari na gida. Kada a kunna wuta a ƙarƙashin rufin ciyawa ko silin, kada a watsa fetur, kada kuma a zuba fiya-fiya a ɗakin da za a kwana.

Ni da ba masani ba, zan iya taimakawa a san inda take?

Ƙwarai, kuma wayar hannu ta isa. A ɗauki hoto uku in an samu hali: ɗaya daga gefe yadda ƙugu zai fito, ɗaya na fuska, ɗaya na gidan gaba ɗaya. Kada a matsa fiye da kima, in ka ga sun ɗaga fukafukai sun juyo gare ka to gargaɗi ne. A rubuta sunan gari da kwanan wata, a ɗora a iNaturalist, inda masu sani ke duba hotuna, bayanan da aka tabbatar kuma su wuce rumbun GBIF da masu bincike ke ɗiba. Shafin WaspWeb na gidan ajiyar Iziko da ke birnin Kef yana da hotuna da jerin nau'o'in Afirka don gwadawa.

Kada ka ji haushi in an tsaya a "Belonogaster" ba a ƙarasa maka sunan ba, hoto ba ya nuna duk abin da ake buƙata. In ka tsinci matacciya, musamman namiji, ka sa ta a ƙaramar kwalba da sifirit mai ƙarfi, ka jefa takardar da ka rubuta wuri da rana da fensir a ciki, domin tawadar biro takan narke. Sashen nazarin dabbobi ko na kare amfanin gona a jami'ar da ke kusa da kai shi ne inda za a kai ta.